Ƙwarin da ke manne wa mangwaro: abin da na shaida a garaken Gulbin Maradi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu garka. Sana'ata mangwaro ce, daga renon dashe da aure (ɗaura reshen iri mai kyau a kan dashe) har askin rassa da feshi, kuma a fadamar Gulbin Maradi na yi ta, tsakanin Tarna, Sumarana, Jiratawa da Madarunfa. Shaidar da zan bayar a kan wasu ƙwari ce da ba sa tashi, ba sa gudu, ba sa huda ganye, amma suna iya tsotse icce mai shekara 20 har ya koma ba ya biyan kuɗin man da aka ƙona wajen ba shi ruwa. Mafi yawan masu garka ba sa ɗaukarsu masu rai. Wani ya ce ƙura ce, wani ya ce kashin tsuntsu ne, wani kuma ya ce ciwon iska ne ya kama iccen.

Iri uku nake rarrabewa a kan mangwaro, kuma rarrabewar tana da amfani domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko mai ɓawo ne mai tauri: macen farar ɗigo ce zagayayya, faɗinta kusan milimita 2, da ɗan tabo mai duhu a jiki, mazan kuwa ƙanana ne dogaye farare, suna taruwa cunkus a gefenta. Idan ka sa farce ka ɗaga ɓawon, zai rabu da ƙwaron, ka ga ɗan nama ja-ja ko rawaya a ƙasa. Na biyu mai ɓawo ne mai laushi, kore ko ruwan ƙasa, yana jeruwa a bin jijiyar ganye ta ƙasa da kan ɗanyen toho. Shi ɓawonsa jikinsa ne, ba ya rabuwa. Na uku shi ne farin nan mai gari-gari a jiki, wani da dogayen zarurruka farare, wanda ke cika bayan ganye da wuyan ɗan mangwaro. Dukansu da siririn baki suke soke icce su sha ruwansa.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne darɓa. Mai ɓawo mai laushi da mai gari suna shan ruwan zaƙin da ke gangarowa daga ganye, fiye da abin da cikinsu ke buƙata, sai su zubar da ragowar. Wannan ruwa mai danƙo shi ke sauka a kan ganyen ƙasa, baƙar fumfuna ta tsiro a kansa, icce ya yi baƙi ƙirin kamar kunkunniyar rufin madafa. Fumfunar ba ta shiga cikin ganye, a sama take zaune, za ka iya murje ta da yatsa. Illarta ita ce ta tare hasken rana, ganye ya kasa dafa wa icce abinci, fure ya ragu a shekara mai zuwa, 'ya'yan da suka samu kuma su fito da baƙin fenti wanda 'yan sari ke karya farashi a kansa. Mai ɓawo mai tauri ba ya zubar da darɓa ko kaɗan. Shi alamarsa ɗigon rawaya ne a saman ganye daidai inda ya manne ta ƙasa, daga baya ganyen ya bushe ya zube, ƙananan rassa su mutu daga kai zuwa baya, a jikin ɗan mangwaro kuma ya bar tabo ja-ja mai ruwan hoda. Naman ciki lafiya lau yake, amma mai saye da ido yake saye. Saboda haka icce mai tsabtar ganye, babu baƙi babu tururuwa, yana iya kasancewa cike da su.

Akwai abubuwan da ke kama da su, kuma na ga an ɓata kuɗi a kansu. Idan ka girgiza reshe ka ga fararen abubuwa sun tashi, wannan farin ƙuda ne. Farin garin da ke rufe fure lokacin ɗari har ya ƙone ya zube, fumfuna ce ta daban, ba ƙwaro ba. Bushewar bakin ganye daga tsini kuwa galibi gishirin ruwa ne ko ƙishirwa, musamman a garaken da rijiyoyinsu suka ja ƙasa. Kafin ka sayi komai, juya ganye ka duba bayansa, ka murje abin da farce. Mai rai yana fitar da ruwa, matacce kuwa busasshen ɓawo ne mai marmashewa.

Ga yadda rayuwarsu take, domin duk dabarar tana nan. Macen mai ɓawo mai tauri, da zarar ta kafa baki, ta zauna ke nan har mutuwarta, ƙafafunta ma zubewa suke yi. A ƙarƙashin ɓawonta take yin ƙwai. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe, waɗanda nake kira 'yan rarrafe, su ne kaɗai masu tafiya in ban da namiji mai fiffike, wanda ba shi da bakin ci kuma ba ya daɗewa. Ɗan rarrafe bai kai rabin milimita ba, jikinsa tsirara yake, yana yawo na 'yan sa'o'i ko yini guda, ya sami wuri ya kafa baki ya fara gina nasa ɓawon. Daga ƙwai zuwa uwa mai ƙwai, a lokacin ɗumi, wata ɗaya da 'yan kwanaki ne. To a ƙasa irin tamu da babu sanyin da zai tsayar da su, haihuwa kan haihuwa suke yi duk shekara, kuma a kan ganye ɗaya za ka tarar da ƙwai da 'ya'ya da iyaye. Ruwan damina mai ƙarfi yana wanke 'yan rarrafe da yawa, shi ya sa daga Yuli zuwa Satumba ake ganin sauƙi. Da kaka ta wuce sai su fara hauhawa, su kai ƙololuwar yawansu daidai lokacin da 'ya'yan mangwaro ke girma. Zafin Afrilu yana kashe na bakin rana, amma na cikin duhuwar icce, inda iska ba ta ratsawa, ko a jikinsu.

Tun da ba su da ƙafar tafiya mai nisa, wa ke kai su garka? Iskar hunturu tana kwasar 'yan rarrafe daga icce zuwa icce, tsuntsu yana ɗauka a ƙafa, mai tsinka yana ɗauka a riga. Amma wannan duk tafiyar maƙwabta ce. Tafiyar gari zuwa gari, a hannunmu suke yin ta. Dashen da aka sayo a leda a bakin hanya, reshen aure da aka yanko daga garkar aboki saboda irinsa mai kyau ne, ganyen mangwaro da ake shimfiɗawa a kwando ko kwali don kada kaya su ƙuje, waɗannan su ne motocinsu. Maradi gari ne na kasuwa, kaya na shigowa ta Ɗan Isa daga Jibiya da Katsina, wasu daga can kudu mai nisa, kuma ba wanda ke juya ganyen dashe kafin ya biya.

Abin ya taɓa faruwa a ƙasashe da dama, ba a garka ɗaya ba. Farin mai gari da masana ke kira Rastrococcus invadens ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya ne. A farkon shekarun 1980 aka gan shi a Togo da Gana, cikin 'yan shekaru ya mamaye Benin da Najeriya da sauran ƙasashen gaɓar teku, yana baƙanta mangwaro da lemu, har mutane suka riƙa sare itatuwan ƙofar gidajensu don takaici. Feshi bai tsayar da shi ba. Abin da ya karya shi wata mitsitsiyar rina ce mai suna Gyranusoidea tebygi, wadda aka ɗauko daga Indiya aka saka a Togo a 1987, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, kuma ta yaɗa ta a sauran ƙasashe, daga baya aka ƙara da wata mai suna Anagyrus mangicola. Rinar tana saka ƙwanta a cikin jikin ƙwaron, ɗanta ya cinye shi daga ciki. Haka kuma mai ɓawo mai tauri da ake kira Aulacaspis tubercularis, a 2010 aka fara ganinsa a yammacin Habasha, ya bazu a yankunan mangwaron ƙasar ya yi wa ƙananan manoma mummunar ɓarna. A duka biyun baƙon ƙwaro ne ya iso ya baro maƙiyansa a gida.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. A kowace garka da ba a cika feshi ba, akwai ma'aikatan da ba a biyansu: waɗannan ƙananan rinoni, da wani ɗan buzuzu baƙi mai sheƙi mai siffar rabin ƙwallo wanda shi da tsutsarsa suke cin masu ɓawo. Shaidar aikin rina a fili take. Ɗauki ganye, ka duba da gilashin ƙara girma ko ka jawo hoton da wayarka. Ɓawon da ke da ƙaramar huda zagayayya a sama, rina ce ta fita daga ciki. In ka ga irin wannan da yawa, garkarka tana yaƙin kanta. Sai mai garka ya ga fari-fari a ganye, ya tafi kasuwa, mai tebur ya miƙo masa maganin tsutsar tumatir ko na wake, irin su lamda-sihalotirin da sifametirin, ko piya-piya a kwalbar da ba ta da takarda. Ya fesa. Uwar tana ƙarƙashin ɓawo mai kakin da ruwa ba ya ratsawa, ita da ƙwanta ba abin da ya same su. Rina da buzuzu kuwa a fili suke yawo, su ne ke mutuwa. Bayan wata ɗaya ko biyu ƙwarin su dawo ninkin ba ninkin, mai garka ya ce maganin jabu ne, ya ƙara ƙarfi. Garaken da na tarar sun fi lalacewa, kusan kullum su ne waɗanda ake noman kayan lambu a ƙarƙashin itatuwa ana fesa su mako-mako.

Bayan feshin guba, tururuwa ita ce ta biyu wajen hana waɗannan ma'aikata aiki. Duk iccen da ka ga jerin tururuwa ko cinnaka na hawa da sauka ba fashi, akwai mai darɓa a sama. Suna shan zaƙin, a madadin haka suna korar rina da buzuzu, wani lokaci har ɗaukar 'ya'yan suke yi su kai su sabon toho. Yanke musu hanya yana da sauƙi. A naɗa leda mai kauri ko tsumma mai faɗin santimita 15 zuwa 20 a jikin kututture, kamar kamu biyu daga ƙasa, a ɗaure sosai yadda babu kafar bi ta ƙarƙashi, sannan a shafa giris a kan ledar. Kada a shafa giris ko baƙin man inji kai tsaye a ɓawon icce, yana ƙona shi, ƙaramin dashe ma kashe shi yake yi. Ƙurar Maradi tana busar da giris da wuri, sai a riƙa duba shi kowane mako biyu ana sabuntawa, a kuma sassauta ɗaurin in icce ya yi ƙiba. Duk wannan aikin banza ne in reshe ɗaya ya taɓa ƙasa, ko darni, ko iccen maƙwabci, domin nan take za su mayar da shi gada.

Aski shi ne babban aiki, kuma shi ne wanda aka fi jin nauyin yi, saboda mai garka yana ganin kowane reshe kuɗi ne. Lokacinsa da an gama tsinka, wajen Yuni zuwa farkon Yuli, kafin sabon toho. A cire busassun rassa, da masu gicciye suna gugar juna, da waɗanda suka cika da ɓawo har ba a ganin fatarsu. A buɗe tsakiyar icce ta hanyar cire babban reshe ɗaya ko biyu masu miƙewa sama, yadda da tsakar rana za ka ga ɗigon haske a ƙasa gindin. A ɗage rassan ƙasa su bar aƙalla rabin mita. Tsayi kuma a riƙe shi wajen mita 4 zuwa 5, domin famfon goyo ba ya kai wa ƙololuwar tsohon icce, abin da ya rage can sama kuma shi ne irin baɗi. Abin da aka sare a ƙone shi ko a binne a ranar. Tara shi a gindin icce ko jingina shi a darni don itacen girki, mayar da 'yan rarrafe gida ne. Mai sabon shuka kuma ya bar mita 10 tsakanin icce da icce, wato itatuwa 100 a hekta ɗaya. In aka matse su, cikin shekara goma rassa sun haɗe sun zama rumfa guda.

Sai feshin da ke aiki. Mai ne, ba guba ba. Waɗannan ƙwari ta ƙananan kafofi a jikinsu suke numfashi, mai yana lulluɓe su ya toshe. Idan an sami farin man feshi na itatuwa a shagon kayan gona, ana sa kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 150 zuwa 300 a famfo mai lita 15. Idan babu, ana haɗawa a gida: man gyaɗa awo 4, sabulun ruwa awo 1, a zuba a kwalba a girgiza har ya koma fari kamar madara. Daga wannan haɗin a ɗebi mililita 15 a kowace litar ruwa, wato 225 a famfo guda. A auna da sirinji ko kwalba mai alama, a bar awon ido. A riƙa girgiza famfon ana tafiya, in ba haka ba mai ya taso sama, itatuwan farko su sha ruwa zalla, na ƙarshe ya sha mai zalla ya ƙone. Garin wankin tufafi ba ya maye gurbin sabulu, yana ƙona ganye. In ruwan rijiyarka yana tsinka sabulu, nemi wani ruwan.

Mai ba ya kashe sai abin da ya taɓa, kuma da ya bushe aikinsa ya ƙare, wanda shi ne ma dalilin da ya sa rinar da ta zo washegari ba ta mutuwa. Don haka a shiga cikin icce, a juya bakin famfo sama, a jiƙa bayan ganye da rassa har su fara ɗiga. Icce matsakaici yana iya shanye famfo guda. Ƙa'idojinsa uku ne da ba a wasa da su. Ba a fesa mai da zafin rana. In zafi ya wuce digiri 32 zuwa 35 ganye na ƙonewa, mu kuwa a bazara muna wuce 40, saboda haka sai bayan la'asar sakaliya, iccen kuma ya sha ruwa kwana ɗaya kafin nan. Ba a fesawa a kan fure. Ba a kuma haɗa shi da maganin farar wuta, ko a bi bayansa da shi, sai an bar kusan wata guda. Duk sabon haɗi a gwada a reshe ɗaya, a jira kwana biyu a gani.

'Ya'yan bedi ma suna taimakawa a kan mai gari da 'yan rarrafe. A daka busassun 'ya'ya giram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada bakin famfo ya toshe, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma a ranar. Ba ya ajiyuwa, rana kuma tana kashe ƙarfinsa. A kan uwa mai ɓawo mai tauri dai kada a sa masa rai da yawa.

Lokacin feshi ya fi abin da aka fesa. Ana so a dace da fitowar 'yan rarrafe, kuma akwai hanyar sani mai arha. A sami baƙin salatif na masu gyaran lantarki, a naɗa a ƙaramin reshe kusa da inda iyaye suka taru, gefen danƙon yana waje. A duba bayan kwana uku zuwa mako guda. In ƙananan ɗigo ja-ja ko rawaya sun manne a kai da yawa, lokaci ya yi. A fesa, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, domin ƙwan da ke ƙarƙashin ɓawo zai ci gaba da ƙyanƙyashewa. A tsarin shekararmu tagogi biyu ne suka fi dacewa: bayan aski, sa'ad da icce yake a buɗe, da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin fure ya fito. Wanda ya bari sai Maris, 'ya'ya sun yi girma zafi ya sauka, ya riga ya makara a wannan shekarar. Kuma matattun ɓawo suna iya zama manne a ganye wata da watanni, don haka ganinsu ba ya nufin feshi bai ci ba. Farce ne alƙali, sai kuma tsabtar sabon toho.

Magungunan da ke shiga jikin icce, irin su asetamifirid da imidakulofirid, suna cin mai gari da mai ɓawo mai laushi, tun da ruwan zaƙin icce suke sha. A kan mai ɓawo mai tauri ƙarfinsu kaɗan ne. Ni ban ɗauke su komai ba sai makamin ƙarshe, ga wurin reno ko ƙananan itatuwan da suka kusa mutuwa. Suna kashe ƙudan zuma da ƙudajen da ke ɗaura wa mangwaro 'ya'ya, saboda haka ba a kusantar su gab da fure. A duba kwalba a ga lambar amincewar kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, CSP, a kiyaye kwanakin jira kafin tsinka da aka rubuta, a rufe jiki da hanci. Mangwaronmu yara ne ke fara cinsa, da ɓawonsa, ba wanki. Wanda ya ga wani iri da bai saba gani ba, ya sa ganyen a leda ya ƙulle, ya kai wa malaman kare tsirrai na ma'aikatar gona ko masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna, kada ya yi ta yawo da shi garka-garka yana nunawa.

Taki ma yana da hannu. Yawan ure yana fitar da toho mai laushi mai ruwa, irin wanda masu darɓa suka fi so. Ruɓaɓɓen takin gida a kewayen inuwar icce ya fi zama lafiya. Itatuwan bakin hanyar mota da ƙura ke rufewa su ne ke fara kamuwa, domin ƙura tana hana rina aiki, don haka mai injin ban ruwa ya riƙa wanke su da ƙarfin tiyo lokaci-lokaci, wanda ke kuma zubar da mai gari da yawa. A duba lemu da gwaiba da gwanda da ke cikin garka, su ma masauki ne.

Ga mai sayen dashe, juya ganye goma na ƙasa ka duba, ka duba wurin ɗaurin aure da ƙarƙashin ledar da aka naɗe shi da ita, nan suke ɓuya. Ko ka ga tsabta, ajiye sabon dashe nesa da garka mako uku zuwa huɗu, ka fesa masa haɗin mai sau biyu kafin ka kai shi rami. Reshen aure kuma a yanko shi daga iccen da aka duba, a cire ganyensa tun a can, a wanke shi da ruwan sabulu a ɗauraye kafin a sa masa wuƙa. Kwandunan 'yan sari su tsaya a bakin garka, ganyen da suka zo da shi a ciki a ƙone shi.